Labarin Likita Mila Na Zariya

Mu da mu ke zaune a wajen Unguwar Gano, da Gyaɗi-Gyaɗi, da Tarauni, kullum idonmu yana bisa hanyar Zariya. A bakin wannan hanya Asibitin Malam Aminu Kano ya ke, inda mu kan ga likitoci 'yan ƙasa, maza da mata, suna kai da kawowa, har abin ya daina ba mu mamaki. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa ɗan Arewa na farko da ya ƙware ga aikin likita irin na Turawa, watau Likita Barau Dikko, daga makarantar wani Bature ya fito, wanda Sarkin Kano ya taɓa sallama daga wannan birni cikin shekarar 1900. Sunan wannan Bature Walter Miller, amma Hausawa Likita Mila su ke ce da shi.

Shi Kirista ne, ɗan mishan, ya kuwa ƙare kwanakinsa bisa wannan tafarki. A cikinmu masu karatu akwai Musulmi, akwai Kirista, ba kuwa don gardamar addini muka kawo labarinsa ba. Abin da mu ke so mu duba shi ne yadda mutum kan mai da abin da ya gaskata ya zama aiki, da yadda ya kan tsare kansa daga ruɗi, ko na mutane ko na zuciyarsa.

An haife shi a shekarar 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton, can kudu maso yammacin Ingila. Da ya girma sai ya tafi Landan, ya koyi aikin likita a babban asibitin nan na St. Bartholomew. Da ya so, da sai ya zauna ƙasarsu ya tara dukiya, gama likita ba ya rasa abinci. Amma tun yana ɗalibi ya ƙudura a ransa zai ba da kansa ga aikin bishara, saboda haka ya shiga jam'iyyar mishan ta Ikilisiyar Ingila, wadda a ke kira C.M.S.

A zamanin nan labarin ƙasar Hausa ya cika kunnuwan mutanen Ingila. Wani malaminsu, Charles Robinson, ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya rubuta labarin ganuwarta, da kasuwarta, da marinanta, da yawan masu karatu a cikinta. Sai waɗansu suka ɗauka wai mutane masu wayewa haka, da zarar an kawo musu Linjila za su karɓa dungum. Wannan zato ne na wanda ya ji labari daga nesa, bai zauna da masu abu ba. Da irinsa Likita Mila ya fara, kamar sauran 'yan'uwansa.

Amma ya yi dabara guda wadda ta amfane shi har ƙarshen ransa. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai ya tafi Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda ayarin Sahara kan sauka, inda kuma a kan sami fatake da mahajjata da 'yantattun bayi masu jin Hausa. Can ya zauna yana koyon harshe daga bakin masu shi. Abin da ya tsinta a wurinsu shi ya zama littafinsa na farko na koyon Hausa, wanda aka buga a 1901.

Ran 1 ga Janairu, 1900, Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. A cikin wannan wata kuwa Turawan mishan biyar suka tashi daga Ikko, suka nufo Kano. Shugabansu Bishop Tugwell ne, sauran su ne Likita Mila, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Babu jirgin ƙasa, babu mota. Suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka ƙetare Kwara a Jaba, suka yi ta tafiya wata da watanni. Gwamna ya gargaɗe su kada su wuce inda ikonsa ya kai, amma ɗoki ya ɗebe su. A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su da fara'a. Daga nan suka miƙe Kano, tafiyar da mu yau mu kan yi tsakanin hantsi da azahar, su kuwa sai da suka kwana bisa hanya sau da dama.

Cikin watan Afrilu suka iso. Sarkin Kano na lokacin Alu ne, wanda ya hau gado a 1894 bayan Basasa. Ya kira su gabansa, ya nuna musu sun shigo ƙasarsa ba da izini ba, mutanen Kano kuma suna da addininsu da malamansu, ba su aika neman wani ba. Ya yanka musu 'yan kwanaki su fita. Kadan muka duba da adalci, ba mu ga laifin Sarki ba, gama yana jin labarin sojan Turawa suna matsowa daga kudu, ga kuma baƙi sun faɗo masa ba sallama. Suka juya da baya, suka sauka a Girku, kudu da Zariya. Can ciwo ya kashe Dudley Ryder, aka mai da Richardson gida ba lafiya, gobara kuma ta cinye masaukinsu. Kafin shekara ta kewayo ƙungiyar ta watse.

To, nan ne halin mutum ya fara bayyana. Wani da ya ga haka sai ya koma gida ya ɗora laifi bisa Sarki, ko bisa zazzaɓi, ya yi ta ba da labarin jaruntakarsa a majami'u. Likita Mila kuwa ya gane zaton nan da suka zo da shi ruɗi ne. Ya ga aikin ba na kwana bakwai ba ne, na rai duka ne, ba ya kuwa yiwuwa sai mutum ya zauna da mutane, ya ci abin da su ke ci, ya ji abin da ke damunsu. A 1902 ya komo Girku. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A 1905 aka yarje masa ya shiga birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya kafa gida a Durumin Maigarke. Nan ya zauna shekara ashirin da huɗu, cikin ginin ƙasa irin na maƙwabtansa.

Shekarun nan na farkon mulkin Turawa shekarun ruɗani ne ga talakawa. Mutum ya sami jar dara da tsohon wandon soja, sai ya shiga ƙauye ya ce Bature ya aiko shi, a tara masa awaki da kuɗi. Daga irin wannan ne muka gaji kalmar nan sojan gona. Waɗansu tafintoci kuma su kan juya magana tsakanin Razdan da mai ƙara, wanda ya ba su toshi shi ke da gaskiya. Bature ba ya jin Hausa, talaka ba ya jin Turanci, maƙaryaci ya sami gona a tsakani. Likita Mila kuwa ba ya bukatar tafinta. Wanda aka zalunta ya kan zo zaurensa ya faɗi kukansa baki da baki, shi kuma ya kai maganar gaban Turawan mulki. Ya taimaki Gwamna Lugga wajen juya dokoki da Hausa, don mutane su san abin da aka hana da abin da ba a hana ba, kada a riƙa tsoratad da su da dokar da babu ita.

Wannan hali ya jawo masa ƙiyayya ta ko wane gefe. Bai iya ganin an kama mutum an sayar, ko an ƙwace wa gwauruwa hatsinta, ya yi shiru ba. Tsakaninsa da Sarki Aliyu, wanda mashahurin mawaƙi ne mai zurfin ilmi, da fari akwai girmamawa, daga baya abin ya ɓaci. Ƙararrakin da Likita Mila ya riƙa kaiwa suna cikin abin da ya sa Turawa suka tuɓe Sarkin suka kai shi Lakwaja, har yau kuwa Zazzagawa da yawa suna ganin ba a kyauta wa Sarkinsu ba. Turawan mulki su ma ba su huta da shi ba. Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa Gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, saboda haka waɗanda suka gaje shi, musamman Gwamna Girouard da ya zo a 1907, suna ganin zaman ɗan mishan a tsakiyar birnin Musulmi kamar ƙaya ce a ƙafa. Da ya rufe bakinsa da ya zauna lafiya da kowa. Amma a ganinsa, mai bin Almasihu da ya ga zalunci ya kau da kai ya ƙaryata abin da ya ke karantawa da safe.

Kada mu ɓoye aibinsa, gama labarin da babu aibi a ciki kirari ne. Mutum ne mai zafin rai, mai kaifin harshe, mai wuyar sha'ani ga abokan aikinsa. Ya faɗi maganganu masu tsanani a kan sarautar Fulani da a kan Musulunci, waɗanda suka ɓata wa mutane da yawa rai, ciki har da masu ganin girmansa. Sau da yawa ya kan yanke hukunci da gaggawa. Abin da ko maƙiyansa ba su iya tuhumarsa da shi ba shi ne fuska biyu. Bai taɓa sakaya cewa shi ɗan mishan ne ba, abin da ya ke faɗi a zaure kuwa shi ya ke rubutawa a takarda.

Mu masu koyon aikin malanta, wajen makaranta ne labarinsa ya fi shafarmu. A 1906 shi da Gwamna Lugga suka tsara a buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna a hannunsa. Shirin bai tabbata ba, domin iyaye suna tsoron a raba 'ya'yansu da addininsu, Gwamna Lugga kuma ya bar ƙasar a wannan shekara. Gwamnati ta ɗora aikin bisa Hanns Vischer, wanda mu ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, gidansa kuwa yana nan har yanzu, ba nisa da unguwanninmu. Likita Mila bai yi zuciya ya bar koyarwa ba. Ya ci gaba da 'yar makarantarsa a Zariya, da marayu, da 'yantattun bayi, da 'ya'yan waɗanda suka amince da shi. Bai yi aure ba, yaran nan su ne iyalinsa. Yana kwana gida ɗaya da su, yana koya musu karatu da lissafi da Turanci, yana horonsu ga tsabta, da cika alkawari, da faɗin gaskiya ko da za ta jawo bulala. Sannu sannu koyarwa da aikin harshe suka rinjayi aikin magani a wurinsa.

Ana nan, cikin shekarar 1913, sai ga waɗansu baƙi sun zo ƙofarsa, suka ce su Isawa ne. Asalinsu kuwa daga Kano ne. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gado a 1855, an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim, wanda cikin karatunsa ya ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Aka yi masa shari'a, ya ƙi janye maganarsa, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watsu wajen ƙasar Ningi da gabashin Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu. Su ba Kirista ba ne, waɗansunsu kuma ba su taɓa zama Kirista ba. Amma waɗansu daga zuriyarsu, da suka ji akwai mai karanta Linjila da Hausa a Zariya, suka zo su ji da kunnensu.

Aka tara waɗanda suka karɓa a wani wuri mai suna Gimi a ƙasar Zazzau, suka yi gonaki, da makaranta, da ɗakin sujada. Wani baƙar fata daga tsibiran da ke kusa da Amurka, W. A. Thompson, shi ya zauna tare da su. Likita Mila ya ga kamar abin da ya yi shekara goma sha uku yana jira ya zo. Ashe akwai ƙudan tsando a rafin wurin. Ciwon barci ya shiga garin, ya yi ta ɗibar manya da yara, ba a kuwa sami maganinsa mai ƙarfi ba tukuna a lokacin. Cikin 'yan shekaru Gimi ta zama kufai, aka kwashe sauran da suka tsira zuwa Zariya.

Babu jarrabawar da ta fi wannan nauyi a ransa. Ga shi likita, ga mutanen da suka bar danginsu saboda maganarsa suna mutuwa a gabansa, ba shi da abin da zai ba su. A irin wannan hali ne zuciya kan ruɗi mutum ta hanya biyu. Ko ta ce masa Allah ya yashe shi, ya bar aikin, ko kuwa ta ce ya rufe asarar, ya aika wa masu ba da gudummawa a Ingila labari mai daɗi don kada kuɗi su yanke. Bai bi ko ɗaya ba. Ya ɗauki marayun Gimi ya sa su makaranta, cikin littattafansa kuma bai ɓoye cewa waɗanda suka bi shi daga cikin Hausawa kaɗan ne ƙwarai ba.

Daga cikin 'yan kaɗan ɗin nan ne aka sami mutanen da Arewa duka ta mora. Likita Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ya zama shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, babban asibitin koyarwa na Kaduna kuma sunansa ya ke ɗauke da shi. Malam John Tafida ya haɗa kai da Rupert East suka rubuta littafin nan Jiki Magayi. Daga zuriyar Isawa kuma Likita Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

A 1929 aka daidaita a fitar da mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, bayan ganuwa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibitin St. Luke. A nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Wannan ƙaura ba ta yi wa Likita Mila daɗi ba, gama yana ganin an raba shi da mutanen da ya zo dominsu. Ya bar ragamar a hannun ƙanƙanensa ga shekaru, Guy Bullen, shi kuwa ya taho Kano. Ku duba ikon Allah. Birnin da aka sallame shi yana saurayi, nan ya dawo da furfura don ya ƙarasa babban aikin ransa.

Aikin nan shi ne juya Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. Kafinsa wani Bajamushe, Schön, ya juya waɗansu sassa yana zaune a Ingila, da taimakon Dorugu, Bahaushen nan da ya bi matafiyi Barth zuwa Turai, wanda daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a Kano a 1912. Amma Hausar da aka rubuta daga nesa ba ta zauna daidai a kunnen masu ita ba. Likita Mila ya ɗauki aikin tun daga tushe, tare da malamai Hausawa da 'yan sauran ƙungiyoyin mishan. Wanda bai taɓa juya magana ba ba zai san wuyarta ba. Kalma ɗaya ta kan ci yini. In an sassauta don ta yi daɗin ji, an ha'inci littafin. In an bi harafi da harafi, an ha'inci mai karatu, gama ba zai fahimta ba. Sai suka nemi kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani, irin su Ubangiji, da Almasihu, da Zabura, da alheri, da tuba, suka auna ko wace ɗaya kafin su sa ta. A 1932 aka buga littafin dukansa da rubutun boko. Bayan shekara biyu, a 1934, tsohon abokin aikinsa Bargery ya fitar da babban ƙamus ɗinsa na Hausa.

Abin mamaki, inda ya yi shuka ba can amfanin ya fi yawa ba. Don Hausawan birni ya yi wahalar, amma waɗanda suka fi karɓar littafin su ne kabilun Filato, da kudancin Zazzau, da Bauci, da Adamawa, har da waɗansu a wajen Maraɗi ta ƙasar Nijar. Mutanen da harsunansu suka sha bamban suka sami harshe guda na yin sujada tare, dubbai kuma suka koyi karatun boko don su karanta shi. Ko da ya ke an yi sabon juyi daga baya, har yanzu a kan sami tsohon a hannun dattawa.

Ya ajiye aikin C.M.S. a 1935 ya koma Ingila, amma zama bai yi masa ba, gama zuciyarsa tana nan. A 1939 ya komo, ya zauna a Bukuru kusa da Jos, yana koyarwa yana rubutu. A 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce, ko Turawa sun kāsa a Nijeriya. A ciki ya faɗa wa 'yan ƙasarsu inda suka gaza wajen ilmi da kyautata zaman talakawa, a lokacin da yawancinsu yabon kansu su ke yi. Ya rasu a Bukuru a 1952, yana da shekara tamanin.

To, 'yan'uwa, sojan gona bai ƙare ba, tufafi kawai ya sake. A zamaninmu akwai masu ɗaukar littafin nan da aka sha wahalar juyawa, su tsaya gaban jama'a suna sayar da alkawarin arziki da warkarwa, su karɓe ɗan abin da ke hannun matalauci. Kirista mai son ya tsare bangaskiyarsa yana da ma'auni a labarin nan. Ya dubi mai wa'azi ya gani, ko yana zaune da mutanensa sa'ad da ciwo ya shigo gari, ko yana faɗin asararsa kamar yadda ya ke faɗin ribarsa, ko maganarsa gaban mai iko ɗaya ce da maganarsa gaban talaka. Sa'an nan ya juyo da ma'aunin bisa kansa, gama ruɗin da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda mutum ya ke yi wa ransa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Hausawa.

Mu kuma da za a ba amanar 'ya'yan mutane gobe, Musulminmu da Kiristanmu, mu tuna yaran da suka rage daga Gimi ba su cika aji guda na makarantun yanzu ba, amma malaminsu bai raina su ba. In aka tura ɗayanmu ƙauyen da babu hanya, ya tarar da yara goma a gindin bishiya, kada ya cika rajista da sunayen da babu masu su don ya faranta wa mai duba makarantu rai. Ya rubuta goma, ya koyar da goman nan da iyakar ƙarfinsa.

Iyakar abin da muka kawo na labarin Likita Mila ke nan. Allah ya ba mu ikon aikata abin da mu ke faɗi, amin.